Baitin da Aka Yanke

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, sunansa Barau. Haƙar rijiya ce sana'arsa. Da ya shiga rami sai ya kama waƙa, ba kiɗa, ba 'yan amshi, murya duk a dushe. Mutane su leƙa su yi dariya, su ce zafin rami ya taɓa masa kai. Shekara talatin ana yi masa haka. Kowace waƙa kuma da abu ɗaya yake rufe ta: "Haka Tabawa ta ce."

Ku saurara. Wani malamin makaranta ya ɗauki muryarsa a kaset. Kaset ya yi ta yawo har ya faɗa hannun mawaƙan birni. Su goma suka haɗu, kowa ya ɗauki waƙa ɗaya ya sake rera ta da kiɗa, aka tara a faifai guda, ga hoton Barau a bango.

Ranar ƙaddamarwa aka ɗauko tsohon a mota, aka zaunar da shi gaba. Aka sa waƙa ta farko, ta biyu, ta uku. Sai ya miƙe.

"Ina Tabawa?"

Nafi'u, wanda ya shirya aikin, ya matso. "Baba, wannan baitin mun yanke shi. Mun ɗauka bakinka ne kawai ya saba."

"Matata ce, Allah ya jiƙanta. Ita ta tsara su duka, tana niƙa tana rerawa. Ni haddacewa na yi."

Jama'a, wani mawaƙi har makirufo ya suɓuce masa.

Nafi'u ya yi ƙasa da murya. "Haba Baba, wa ya sani? In ka tsaya a kan haka, sai an cire sunanka da hotonka."

"Cire, ɗana. Ita ta sani, ni na sani, Allah ya sani."

Aka cire, aka sa sunan Tabawa, har aka faɗe shi a rediyo. Mutumin da aka yi wa dariya shekara talatin, ranar da girma ya zo masa, ya ɗauka ya miƙa wa wadda ke kabari! Da ya koma gida aka ce lalle haukan gaske ne. Ya ce, "Ku dai ku faɗa. Ni yau na ji sunanta a rediyo."

Ni wannan labari tsoro yake ba ni, don ina da 'ya'ya. Shekaranjiya na ga babban ɗana ya kwafo rubutun wani a waya, ya goge sunan mai shi, ya sa nasa, abokai suna ta yabo. Na ce ya gyara, ya ce kowa haka yake yi.

To ku ji. Yabon da ba naka ba haƙƙin wani ne, ko mai shi ya mutu. Kowa ya duba abin da ake yabonsa a kai, a kasuwa, a makaranta, a wurin aiki. In akwai sunan da ka yanke, mayar da shi tun kana da numfashi.