Kurege da Kamfanin Haske Har Rami

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, in ba ta cin data.

To ku matso, ku kife wayoyin nan. Wata shekara ce waya ta shigo daji, kowace dabba ta mallaki tata, amma babu wutar caji. Sai a yi ta bin layi a bakin janaretan Kura, ita kuwa tana tsuga kuɗi yadda ta ga dama.

Shi Kurege, kun san shi, ya tsani fartanya kamar ciwon haƙori, ga shi da son gyaɗa. Ya zauna ya yi tunani, ya yi tunani. Sai ya tashi ya goge murfin langa, ya jingina shi a jikin suri, ya kifa ƙoƙo a ka, ya ɗauki bidiyo ya watsa a intanet.

"Jama'ar daji, duhu ya ƙare! Kamfanin Haske Har Rami zai kafa wutar sola. Ga samfurinta nan a bayana. Sayi takardar lamuni: ka ranta wa kamfani kwanon gyaɗa ɗaya, da kaka ka karɓi biyu. Tura wa 'yan'uwa, saura kaɗan a rufe!"

Ka buɗe waya, Kurege. Ka rufe ka sake buɗewa, Kurege. Wannan ya tura wa wancan, wancan ya tura wa surukarsa. Kura ma ta ga kasuwar janareta za ta mutu, ta kinkimo buhu guda ta kawo.

Sai ga Inna Bushiya, wata tsohuwa da ba ta da kowa sai 'yar gonarta, ta zo da ƙullin irin gyaɗar da za ta shuka.

"Ɗan nan, irina ke nan, ba ni da wani. Zai dawo kuwa?"

"Haba Inna, da ƙaninsa ma zai dawo."

"To ina injin wutar?"

"Yana kan teku, Inna."

Ta miƙa, ya karɓe, ko kunya babu. Ni wannan wurin ne yake ƙona mini rai duk lokacin da na zo kansa.

Gyaɗa ta taru, ta fi ƙarfin raminsa. Kurege kuwa bai san wata ajiya ba sai irin ta kakanninsa: a tona, a binne, a tona, a binne. To ina zai binne? Ya yi dariya ya ce, "Gonar Inna Bushiya mana! Ba ta da iri, wa zai sa fartanya a can bana?" Ya bi gonar kaf yana tonawa yana binnewa, sannan ya kashe wayarsa ya shige rami.

Ruwa ya sauka. Kowa ya fita shuka, Inna Bushiya na zaune a ƙofar gida tana share hawaye. A kira Kurege, waya a kashe. A sake kira, waya a kashe.

Rannan tsohuwa ta ce bari dai ta je ta ga gonar, ko ta rage zafi. Tana zuwa ta ja ta tsaya. Gyaɗa ce kore shar, daga wannan iyaka har waccan! Ta ɗauki hoto ta tura, kafin azahar daji duk ya hallara.

Kura ta sunkuya ta shinshina. "Wannan gyaɗata ce. Wannan kuma sawun Kurege ne."

Aka zaƙulo shi ta wutsiya. Kura ta lashe baki ta ce, "Shugaban kamfani, ina wutarmu?"

"Tana kan teku, ranki ya daɗe."

"Ina gyaɗarmu?"

Kurege ya dubi haƙoran Kura, ya dubi gona, ya gyara murya. "Ga ta nan kuna gani! Kafin inji ya iso, kamfani ya zuba jarinku a noma. Da ɓarawo ne ni, zan shuka muku?"

Aka fara gyaɗa kai, har wasu na tafi. Sai Inna Bushiya ta ce, "Madalla da kamfani. Amma a garin nan, abin da ya tsiro a gonar mutum nasa ne, ko ba haka ba?"

Aka ce haka ne.

"To ba zan ci haƙƙin kowa ba. Da kaka kowa ya zo ya auni nasa biyu, saura nawa. Sai dai bayana ba ya sunkuyo. Kamfanin da ya yi shuka, shi zai yi noma."

Ta miƙa masa fartanya. Kura ta samu inuwa ta zauna gadi. Kurege ya yi noman fari, ya yi maimai, ya cire, ya tsinke, rana na gasa masa baya har ta bar masa zane a gefe. Da kaka aka aune tas, rumbun tsohuwa ya cika, shi aka bar shi da harawa da murfin langa. Ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, ka yi gaskiya. Ya dawo da ƙaninsa."

Ƙurunƙus kan ɓeran da ya cinye wayar caja! Wanda zai saci gyaɗa dai, ya soya ta tukuna. Injin kuwa, har yau yana kan teku.