Na Allah Mai Itace da Kututturan Gonarsa

Akwai wani mutum da ake kira Na Allah, a wani ƙauye da ke kusa da Urafane a ƙasar Tasawa. Manomi ne kamar kowa a garin, amma da rani sana'arsa saran itace. Yana da gatari mai kaifi da amalanken jaki. Duk ranar kasuwa sai ya loda itace ya nufi Tasawa, inda masu tuwon sayarwa da masu gasa burodi suke jiransa.

Na Allah mutum ne mai son jin labarin duniya. Yana da 'yar rediyo da yake ratayawa a wuya, kuma ko hatsi ya yi ƙaranci a gida, ba ya barin ta ba pil, wato batir. Da la'asar in an taru a gindin masallaci, shi ke ba mutane labari: yunwa a Habasha, yaƙi a Cadi, Najeriya ta rufe iyaka, hamada tana gangarowa kudu kowace shekara.

"Duniya ta lalace," haka yake rufe zancensa kullum. "Manyan ƙasashe sun ɓata sama da injunansu, sojoji sun riƙe ƙasa ba mai iya tari. Mu talakawa mi za mu yi? Sai kallo."

Abokinsa Mai Nasara sai ya gyaɗa kai ya ce, "Wallahi gaskiya ce."

Mutum ɗaya ce ba ta gyaɗa masa kai, yayarsa Ramatu. Wata rana ta tarar da shi yana ɗaure lodi a ƙofar gida, ta ce, "Kai da kake kukan hamada kullum, ba kai ne kake kwashe dajin gabas kana kai wa mutanen Tasawa ba?"

Ya yi dariya. "Haba Yaya! Amalanke ɗaya ne zai ƙarar da itatuwan duniya? In ban sara ba, wani zai sara."

Sai ga farin shekarar tamanin da huɗu.

Ruwa ya sauka sau ɗaya, mutane suka yi shuka. Da hatsi ya fara tsirowa, iska ta taso da rairayi ta binne shi. Aka sake shuka, ta sake binnewa, har iri ya ƙare a hannun mutane. Shanu suka yi ta faɗuwa. Masu zuwa cin rani Najeriya suka rasa hanya, don iyaka a rufe take. Duk wanda yake da gatari ya koma mai itace, tunda shi kaɗai ne abin da ya rage da za a iya musanyawa da tiyar hatsi. Na Allah da yake yana da amalanke, ya fi kowa nisa, ya fi kowa kwasa.

A lokacin matarsa Habsatu tana da tsohon ciki. Abin mamaki, gidan mai itace ba itacen girki, domin duk sandar da ya bari a gida ragi ce a abin da zai sayo. Da can mata sukan hura wuta da kara ko kashin shanu. A wannan shekarar ba kara, ba shanun. Dole suke fita tun da asuba su bi daji, ba sa dawowa sai rana ta raba.

Ranar wata kasuwar Tasawa, Habsatu ta bi mata suka tafi. A hanyar dawowa ta riƙa ja baya, har ta faɗi da ɗaurin itacen a kanta. Matan suka zubar da nasu kayan, suka tallabo ta zuwa gida. Kafin Na Allah ya dawo daga kasuwa, ta haifi ɗa namiji ba rai, har an kai shi an rufe. Ita dai Allah ya tsirar da ita, amma ta daɗe a kwance.

Da mutane suka zo gaisuwa, Na Allah ya riƙa cewa, "Zamani ne ya zo mana da haka. Ina mu, ina gyara duniya?"

Ramatu ta bari sai da mutane suka watse, sannan ta kira shi bayan rumbu.

"Mutuwa ta Allah ce, ban musa ba," in ji ta. "Amma lokacin da aka kawo yarinyar nan gidan nan, a bayan gari take tsinto itace, ta dawo tukunyarta ba ta tafasa ba. Yau ina ta je? Wa ya kai dajin can nesa? Ni dai ban taɓa ganin Bature a nan da gatari ba."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya juya ya bar ta a tsaye.

Washegari ya fita da ƙafa, ba jaki ba gatari, ya bi hanyar da matan suka ce Habsatu ta bi. Tafiya ce mai nisa, kuma ba inuwa ko ɗaya da mutum zai raɓa. Abin da ya fi damunsa shi ne, ya san kututturan da yake wucewa. Wannan kalgon shi ya sare shi shekarar aurensa. Wancan babban gawon shi da Mai Nasara suka kayar da shi, har suna yi wa juna kirari. Sai da ya kai inda ɗaurin itacen matarsa yake a yashe, ya zauna a ƙasa ya daɗe.

A hanyar komawa ya ratsa ta gonarsa. A nan idonsa ya sauka kan abin da yake gani kowace shekara bai taɓa kula ba. Duk da farin da ake ciki, kututturan suna fitar da toho kore shar. Saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Shi ne duk shekara, lokacin sassabe, yake sare tohon ya tara ya ƙona, saboda an saba cewa gonar manomin kirki fes take, ba ko tsinke.

Ba a rana ɗaya ya canza ba, domin ciki ba ya jira. Amma ya daina saran ɗanyen itace, ya koma dakon bulo da ruwa da amalankensa. Samun ya ragu sosai. Akwai lokacin da gidansa suka rayu da hatsin taimako da anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an daɗe ana jiƙawa kafin su ciwu.

Da lokacin sassabe ya zo, bai share gonarsa ba. A kowane kututture ya zaɓi tohon da ya fi ƙarfi ya bari, ya rage sauran.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce baƙin ciki ya taɓa masa kai, wasu suka sa wa gonar suna gonar rago. Mai Nasara ya same shi har gona.

"Na Allah, ka manta itace na gwamnati ne? In suka girma, 'yan gandun daji za su ce ba ka da ikon taɓa ko reshe. Kana wahala a kan abin da ba naka ba. Kuma 'yan tsirarun nan ne za su tare hamada?"

"Hamadar duniya ban san ta ba," in ji Na Allah. "Ta gonata na sani. Ko itacen ba nawa ba ne, ganyensa a nan zai zuba."

Bayan 'yan shekaru, itatuwan suka wuce tsayin mutum. Wata safiya ya je gona ya tarar da A'i, wata dattijuwa da mijinta ya rasu a shekarar fari, tana saran su daga tushe. Ta riga ta kayar da waɗanda ya fi ji da su.

Ya daka mata tsawa. "Iya A'i! Kin san wahalar da na sha a kan waɗannan?"

Ta yar da gatarin, amma ta ce, "Malam, 'yan sandunan nan ne za su ƙarar maka da gona? Jikokina ba su ci ba tun jiya. In ban sara ba, wata za ta sara."

Na Allah ya san wannan maganar, ya san bakin da ya fara yin ta a garin.

Ya ɗauki gatarin, ya rage rassan itatuwan da suka saura, ya ɗaure mata ɗauri babba, ya ɗora a kansa ya kai mata har gida. Ya ce, "Iya, duk lokacin da kike so ki zo ki ɗebi rassa, amma ki bar mini uwar itacen." Daga baya ya je 'yar gonarta ya gyara mata nata kututturan.

A'i ce ta yaɗa maganar a cikin mata. Su da suka san zafin tafiyar itace, su suka fara matsa wa mazajensu. Aka kai zancen gaban maigari Jaji, aka yi shawara cewa kada kowa ya sari itace a gonar wani sai da izini. Wasu gidajen suka bi, wasu suka ƙi. Mai Nasara yana cikin waɗanda suka ƙi.

Shekaru suka wuce. Aka yi mulkin farar hula, sojoji suka sake dawowa, kuma a ƙarshen shekarun casa'in damina ta sake gazawa.

Gidan Na Allah ma sun ji jiki, rumbu bai cika ba. Amma iska ba ta binne masa shuka ba, don itatuwa sun karya mata ƙarfi. Hatsin da ke gindin gawo ya yi kai. Awakinsa suka rayu da 'ya'yan gawo. Makiyaya da suka gangaro daga Issawane suka sauka a gonarsa, suna ba shi nono da taki, dabbobinsu suna cin ganye. Habsatu kuwa a bakin gona take ɗebo itacenta.

Gonar Mai Nasara ta zama fili, rairayi ya hau ta. 'Ya'yansa maza duk suka tafi neman abinci. Wata la'asar ya zo da buhu a hannu, yana sunkuyar da kai, ya roƙi 'ya'yan gawo saboda akuyarsa da ta rage.

Na Allah ya cika masa buhun. Mai Nasara ya ɗaure bakinsa, sannan ya ce a hankali, "Ka ga dai fari ya dawo. Itatuwanka ba su hana shi ba."

"Ba su hana shi ba," in ji Na Allah. "Sama ba a hannuna take ba. Amma bana ba wanda ya bar gidana, kuma ba mu binne kowa ba."



Na Allah ya taya shi ɗora buhun a ka, ya ce, "Gobe in an idar da sallar asuba ka jira ni a gonarka. Naka kututturan ma ba su mutu ba, na duba."

Darasi: Gaskiya ne matsalolin duniya sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma akwai manya da suke da nasu laifin. Amma kafin ka gama lissafa laifin wasu, duba abin da hannunka yake yi a ƙofar gidanka. "In ban yi ba wani zai yi" ita ce maganar da kowa yake faɗa har ɓarnar ta iso cikin gidansa. Ba a ce ka gyara duniya duka ba. Ka gyara ɗan abin da Allah ya sa a hannunka, ka yi haƙuri da masu dariya, kuma ka buɗe wa wanda ya makara hanya. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, musamman mai yawan cewa "mu mi za mu iya?"