Sunan Wa Za a Sa wa Sabon Ginin?

Ku gyara zama, yau ku ne alƙalai.

An yi lokacin da makarantar firamaren garinmu, Kwarin Marke, ta kusa mutuwa. Awaki ke kwana a azuzuwa, har hukuma ta ce in yara ba su dawo ba za ta rufe ta. Kowa cewa yake talauci ne ya jawo. Mutum uku 'yan garin suka ce ba a kan idonsu ba.

Ta farko Tasalla ce, 'yar wanzami, mai bincike a jami'a. Ta dawo gida ta riƙa zama a gidan suna da bakin rijiya, tana sauraro. Sai ta gano iyaye ba kuɗin littafi suka rasa ba, magana ɗaya ce ta kashe musu gwiwa. Wani ɗan takara ne ya taɓa cewa a taron kasuwa, "Masu digirin ma ga su nan suna zaman kashe wando!" Aka yi tafi, maroƙa suka ɗauka, har uwa kan faɗa wa ɗanta haka in ya saɓi jakar makaranta. Ba don Tasalla ba, da ba a san ciwon ba.

Na biyu Nomau, mai gabatar da shiri a rediyo. Ta kai masa abin da ta gano. Bai yi wa kowa faɗa ba. Muryoyin 'yan garin ya riƙa sakawa: ga ungozomar da karatunta ya ceci mai naƙuda, ga manomin da ya karanta kwalba ya ƙi sayen gurɓataccen maganin feshi. Sannu a hankali hirar majalisa ta juya.

Amma kowa a baki ya yarda, ba mai son a ga ya fara. Sai Ilu sarkin fawa, wanda ya fi kowa tafi a wancan taro, ya rufe rumfarsa ranar kasuwa, ya riƙo hannun 'ya'yansa ya ratsa tsakiyar jama'a.

"Ranka ya daɗe, ina zuwa?" in ji wani mahauci.

"Zan kai su inda za su fi ni."

Washegari benci bai ishi yara ba.

Yau da ƙarfinmu muka ƙara sabon gini, likitar asibitinmu ma a makarantar nan ta fara karatu. Suna ɗaya za a rubuta a ƙofarsa. To, Tasalla, Nomau ko Ilu, wa ya fi cancanta?