Doki Ɗaya a Ɗaki Biyu

Akwai wani mai gyaran iyakwandishan a Birnin Kebbi, Abiodun, wanda ba ya kama aiki sai ya fiddo tef ya auna ɗaki.

Cikin abokan cinikinsa akwai Alhaji Dankure, manomin shinkafa a fadamar Ambursa. Alhaji na da gidan kwantena, irin wanda tirela ke ɗauka daga gona zuwa gona. Abiodun ne ya sa masa na'urar sanyi mai ƙarfin doki ɗaya, ta shekara biyu tana aiki lafiya lau.

Da noma ya yi kyau, Alhaji ya sa aka yanke gefen kwantenar aka ƙara ɗakin kwano. Sanyi ya daina isa, sai ya kira Abiodun ya ce ya zuba wa na'urar gas.

Abiodun ya auna, ya rubuta lissafinsa da alli a bayan ƙofa.

"Alhaji, ba gas ba ne. Wuri ya ninka, ba silin, rana kuma tana dukan kwanon tun azahar. Doki biyu kake buƙata."

Alhaji ya yi dariya. "Injiniya, ni za ka koya wa ban-ruwa? In na buɗe wa ruwa hanya, da kanshi yake cika fangali na gaba. Sanyi ma hakanan ne. Zuba gas kawai."

Abiodun ya ce ba zai zuba ba, ya naɗe tef ɗinsa.

Na'urar ta yi ta aiki ba hutawa. Mako uku, ta ƙone.

Bayan la'asar, a majalisar 'yan shinkafa, Alhaji ya ce Abiodun ya taɓa wani abu a ciki da gangan don ya sayar masa da sabuwa. Ba wanda ya nemi hujja. Kafin wata, wayar Abiodun ta yi shiru. Wata hajiya ma ta tare shi a bakin ƙofa ta ce an fasa aikin.

Alhaji ya ɗauko wani makaniki daga Argungu, Zayyanu. Shi ma tef ya fiddo. Yana rufe ƙofa ya ga allin.

"Alhaji, wa ya rubuta wanga?"

"Wancan macucin."

"To lissafina da nashi ɗaya ne. Ba a taɓa mata komai ba, wahala ta kashe ta. Kai in ka ƙara eka, ba ka ƙara injin ruwa?"



Kashegari Alhaji ya je shagon Abiodun, ya rage murya. "Injiniya, abin da ya wuce ya wuce. Zo ka sa mini doki biyun."

"Zan zo, Alhaji. Amma ba a nan ka ce na cuce ka ba."

 Da la'asar Alhaji ya tsaya a gaban majalisar, ya ce ƙarya ya yi wa mutumin. Abiodun na gefe, tef a hannu. Sai da ya ji kalmar "ƙarya" da kunnensa, sannan ya tada babur.

Darasi: Wanda ka ɓata wa suna a gaban mutane, a gaban mutanen nan za ka wanke shi. Haƙurin da aka bayar a ɓoye bai biya ba. Ku tura wa duk wanda ya san akwai wata majalisa da ke jiransa.