Kwali Biyu a Aljihun Malam Kalilu

Akwai wani dattijo a Argungu, Malam Kalilu, manomin shinkafa da ke fama da ciwon zuciya. Likita ya ɗora shi kan wata 'yar ƙwaya, ɗaya tak a rana. 'Yarsa Ɗayyaba ce ke karɓo masa.

Ɗansa Albashir kuwa ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, irin mutanen nan da in sun yi magana to an gama. Da ya zo gaisuwa ya raina maganin ƙanwarsa, ya aiko da nasa daga birni, wai shi ne mai kyau. Bai ko gaya mata ba.

Bayan mako biyu tsoho ya daina cin abinci, ko tuwo ya gani sai tashin zuciya. Ran nan Ɗayyaba ta raka shi fadama, ya tsaya kan shinkafa koriya shar.

"Ke, shinkahwa ta nuna haka ba a kira masu yanka ba?"

"Baba, ai ko kai ba ta hidda ba."

"To mi as sa nika ganin komi ruwan ɗorawa?"

Nan take ta kira yayanta a waya. Dariya ya yi.

"Tsuhwa na, Ɗayyaba. Ki dama mai kunu, kuma kada ya hwasa shan magani."

Ta bi maganar babba, kwana biyar tana kallon mahaifinta yana ƙarewa. Sai da ya fara amai yana kiranta da sunan marigayiya uwarta, sannan aka kwashe shi zuwa asibiti a Birnin Kebbi.

Likitar asibitin ta ji bugun zuciyarsa ya yi ƙasa ƙwarai, ta ce a kawo duk abin da yake sha. A aljihunsa aka sami kwali biyu, launi daban, magani iri ɗaya. Ya taru a jikinsa ya zama guba.

Ɗayyaba ta durƙusa tana kuka. "Baba, don mi?"

Da ƙyar ya ce, "Ku biyu kunka kawo. In bar na wa?"

Bai kai Juma'a ba.

Darasi: Tsoho mai shan maganin zuciya, in ya daina cin abinci, yana amai, yana ruɗewa ko ganin abu rawaya, kada ku ce tsufa ne. Ku kai shi asibiti a ranar, da duk magungunansa. 'Yan'uwa kuma ku riƙa shawara da juna. Ku tura wa duk mai tsoho a gida.