Ƙofa ta Ashirin da Huɗu

Jibrilla ƙwararre ne a aikin na'urori masu ƙwaƙwalwa, duk Gidan Rumji ba a musun haka. A Yamai ya yi karatu, ya dawo gida wani furoje, wato shirin taimako mai raba irin shuka ga manoma, ya ɗauke shi aiki. Aibinsa ɗaya, ba shi da haƙurin ƙarasa aiki. In ya yi kashi tara cikin goma sai ya kakkaɓe hannu, ya ce sauran ƙaramin abu ne.

Shekarar ta zo da yunwa. Sojoji ne ke riƙon ƙwarya, ana ta maganar zaɓe, masu son kujera sun fara zagaya ƙauyuka. Manoma da yawa sun cinye irin da suka ajiye, don haka jerin sunayen da ke cikin babbar na'urar buro, wato ofishin furojen, ya zama abin da kowa ke sa wa ido. Wanda sunansa ke ciki zai samu buhun irin gero da wake kafin ruwa ya sauka.

Shugabar buro, Madam Hasiya, ta kira shi da takarda a hannu.

"Jibrilla, an aiko daga sama. Akwatin nan da duk wayoyinmu ke haɗuwa, suwic kuke ce mai, ko? An ce kowace ƙofa tasa da ake jona waya ta riƙa tambayar suna da kalmar sirri kafin ta bar na'ura ta shiga. Wadda ba a aiki da ita a rufe ta."

"Aikin safiya guda ne, Madam."

Haka kuwa aka yi. Kafin azahar ya gama ƙofa ashirin da uku. Duk na'urar da aka jona sai ta faɗi mai ita, akwatin ya tambayi babbar na'ura, in an san sunan a buɗe, in ba a sani ba ƙofa ta tsaya a rufe. Ta ashirin da huɗu ce ta ba shi wuya. Wayarta na zuwa zauren taro, inda wata tsohuwar na'urar buga takardu take, ita kuwa ba ta iya ba da kalmar sirri. Akwai hanyar da ake bi, a rubuta lambarta ita kaɗai a kan ƙofar, amma sai ya karanta shafi uku na bayani. Ya duba shafukan, ya ja tsaki, ya kashe tambayar ƙofar gaba ɗaya.

"An gama duka?" in ji Madam Hasiya.

"Duka."

"Ka gwada?"

Ya yi dariya. "Madam, ni na yi shi hwa."

Bayan sati biyu aka ɗauke na'urar buga takardun zuwa wani ɗaki, wayarta ta rage tana lilo a bangon zauren. Zauren kuwa kullum cike yake da baƙi, masu taro da masu jiran sa hannu, wasu da na'urorinsu a jaka. Sau biyu Jibrilla ya wuce ya ga wayar, ya ce a ransa gobe zai rufe ta.

Ranar rabo a Cadakori aka kira sunaye har aka gama, mutane fiye da ɗari uku na tsaye a rana. Wani dattijo mai suna Tsoho ya matso gaban teburi.

"Ɗana, mu ba mu ji namu ba. Nan anka rubuta mu, gaban maigari."

Jibrilla ya duba, ya sake dubawa. Babu Tsoho, babu mutanen ƙauyensa. An goge su an sa wasu sunaye da ba wanda ya sani, masu su kuma sun karɓi buhuna tun da safe sun tafi.

Aka zo bincike. Akwatin ya nuna wanda ya shiga ta kowace ƙofa da sa'ar da ya shiga, ban da ta ashirin da huɗu. A nan babu suna ko ɗaya, kuma ta nan aka shiga aka sauya jerin. Jibrilla ya gani, ya gane sakacinsa ne, amma ya ɓoye. Masu binciken suka juya kan Maijidda, matar da ke shigar da sunaye, tunda ita ke taɓa jerin kullum. Jandarmomi suka tafi da ita gaban 'ya'yanta.

Kwana biyar Jibrilla yana fama da kansa. A na shida ya je ya faɗi gaskiya. Aka saki Maijidda, aka kore shi, amma ba a taɓa gano wanda ya jona wayar ba. Masu ba furojen kuɗi suka ce ba su ƙara yarda da jerin, suka rufe buron. Ruwa ya sauka, gonakin ƙauyen Tsoho suka tsiro ciyawa, magidanta suka tsallaka Katsina neman abin da za su aiko.

Jibrilla ya je gidan Maijidda neman gafara. Ta fito zaure, ta saurare shi har ya gama.

"Na yafe maka kwana biyar ɗin," ta ce. "Amma har yau in na shiga kasuwa, mata na nuna ni suna cewa ga wadda ta sayar da sunayen talakawa. Ka iya bin su ɗaya-ɗaya ka gaya musu?"

Ta koma ciki.

Darasin da ke nan shi ne, aikin tsaro ba ya karɓar rabi. In an damƙa maka rufe ƙofofi, ka rufe su duka, ka gwada, kada ka ce an gama alhali ka san saura. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa tun kafin a ɗora wa wani. Sakacin mai ilimi sau da yawa ba a kansa yake fara sauka ba, a kan waɗanda suka dogara da shi ne, kuma nadama ba ta mayar musu da abin da suka rasa.