Rijiyar da Aka Haƙa a Ƙofar Burgu

Ruwaya biyu suka iso gare ni game da wannan al'amari, ta Aku da ta Ƙadangare. Na dogara da ta Ƙadangare, domin yana kan reshe tun daga farko har ƙarshe, kuma ba ya cin gyaɗa. Aku kuwa bakinsa cike yake a ranar.

An yi wani Burgu mai haɗama a ƙauyen dabbobi na Dogon Marke. Gidansa na kan tudu, rumbunsa na ƙarƙashin ƙasa maƙil da gyaɗa. Ƙauyen ba shi da rijiya, da rani sai an sha doguwar tafiya kafin a jiƙa maƙogwaro.

Wata rana Dabgi, gwanin haƙa, ya iso. Ƙa'idarsa sananniya ce: rijiya ɗaya yake haƙa wa kowane ƙauye, a inda jama'a suka zaɓa, sannan ya wuce gaba. Zaɓen ƙauyen kuwa na tsayuwa ne. Kowa zai je ya tsaya inda yake so a haƙa, wurin da ya fi taro shi ya ci.

Zabuwa, uwar surutu, ta zaga gida-gida tana cewa, "Kwari za mu tsaya! Ciyawar can koriya shar take ko da rani. Ruwa na kusa!"

Burgu kuwa ya hango kansa zaune a bakin rijiya a kan tudunsa, duk wanda ya ja guga yana ajiye masa tafin hatsi. Daɗi ya kama shi har ya taka rawa shi kaɗai. Ya soya gyaɗa, ya barbaɗe ta da gishiri, ya baza a ƙofar gidansa.

Da hantsi jama'a suka nufi kwari, sai ƙamshi ya tare su a hanya. Jaki ya ja birki.

"Ina za ka, mai dogon kunne?" in ji Zabuwa.

"Inna, ɗanɗanawa kawai zan yi in dawo."

Bai dawo ba. Akuya ta tafi kiransa, ita ma shiru. Bauna ya ce zai je ya tsawata musu. Kafin a jima tudu ya cika, ba a jin komai sai ƙurus-ƙurus. Kwari ya rage daga Zabuwa sai Kunkuru, shi ma don hawan tudu ya fi ƙarfinsa ne.

Dabgi ya dubi nan, ya dubi can, ya ce, "Tudu ya ci."

"Baba Dabgi, ai ka san babu ruwa a can!" in ji Zabuwa.

"Na sani, 'yar nan. Amma haƙa aka kira ni, zaɓe naku ne."

Aka ɗaga Burgu sama ana guɗa. Jaki na tsalle, Biri na kiɗa da ƙwarya, Burgu na ɗaga hannu yana cewa, "Na gode, talakawana!" Bai lura ba Dabgi ya shiga tsakiyar taron ya kafa farce daidai saman rumbunsa.

Ƙasa ta yi ta tashi, can sai gyaɗa ta fara tashi.

"Rijiyar gyaɗa!" Akuya ta ƙwala ihu. Aka yi caa a kai.

Burgu ya diro yana kururuwa. "Tsaya! Baba, tsaya! Ba nan ba! A sake zaɓe!"

Zabuwa ta iso tana haki, dariya na neman kayar da ita. "To, jama'a, maigida ya ce a sake. Mai so ya koma kwari."

Ko ɗaya bai motsa ba.

"Tudu ya sake ci," in ji Dabgi, ya ci gaba da aiki.

Ya ratsa rumbu, ya ratsa ɗakin kwana, ya nutsa har ya tarar da dutse. Ya fito ya kakkaɓe jikinsa, ya yi sallama, ya kama hanyar ƙauye na gaba. Burgu ya zauna a bakin ramin da ya zama gidansa, ko ɓawo bai tsira da shi ba.

Sai a lokacin gishiri ya fara aikinsa. Jaki ya lashi leɓe, ya leƙa ramin, ya ce, "Inna, wai ina ruwan?"

"Ka cinye shi da hantsi," in ji Zabuwa. "Ɗauki tulu, hanyar da ka sani tana nan."

Darasin wannan labari shi ne, inda jama'a suka tsaya ranar zaɓe, nan aikin gari zai sauka, ko da wuri ne marar amfani. Wanda ya sayi taro don cikinsa yakan yi asarar abin da ya tara, wanda ya sayar da tsayuwarsa kuma shi zai sha wahalar shekara. Waɗanda suka halarta, bisa ruwayar Ƙadangare, su ne Burgu, Zabuwa, Dabgi, Jaki, Akuya, Bauna, Biri da Aku, sai Kunkuru, wanda ya iso tudun bayan an watse.